Mesar da Ta Yi Mura a Bazara

Na manta abubuwa da yawa na zamanin aikina, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka shigo mana da mesa asibitin dabbobi ba. Tunda kun ce in ba ku labari guda, ku da kuke riƙe da aikin yanzu, to shi zan bayar.

A tsakiyar shekarun 1970 ne, lokacin da kuɗin mai suka shigo gari, kowa ya zama ɗan kwangila, ko jihar Katsina ma ba a yi ba tukuna. Asibitinmu a nan Daura ƙarami ne: ofis, sito, da turke a baya inda ake ɗaure dabba. Babban likita yana Katsina, sai jefi-jefi yake leƙo mu. Wanda ke riƙe da wurin shi ake kira malamin dabbobi, namu kuwa a lokacin Malam Hamisu ne, mutumin wajen Zariya, dogo, mai yawan tambaya. Ƙarƙashinsa akwai masu allura, su ne ke fita rangadi rugage da kan iyaka wajen Kongolam suna yi wa shanu rigakafi. Sai ni a can ƙasa, Ilu lebura. Ni ke shara, ni ke dafa sirinji a kan risho, ni ke kama dabba in riƙe ta a duba.

Ban yi nisa a boko ba, kuma rangadi ba ya cikin abin da nake so. In ba a gidana na ci tuwon dare ba, ji nake kamar an kore ni daga garin. Saboda haka kullum nakan roƙa a bar ni tsaron asibiti. Abin da Allah ya ba ni shi ne kunne. Ina cikin sito nakan gane jakin wa ya iso da kukansa, tarin akuya ma nakan ce wannan na ƙura ne, wancan na ciwo ne.

Ranar da nake faɗa muku, bazara ta kai bazara. Tun da hantsi ƙasa ke ƙona ƙafa. Akwai wasu Fulani zaune a inuwa da maraƙinsu suna jiran Malam, sai ga wani tsoho ya shigo ɗauke da babban kwando a ka, an rufe shi da bargo. Abin da na fara lura da shi, tsohon nan riga biyu ya sa, a wannan zafin. Ya sauke kwandon a hankali kamar mai sauke ƙwai, ya yi sallama, ya juya kai ya yi ɗan tari a hannun rigarsa.

Sai na ji wani siririn fito daga cikin kwandon. Fiii, ya tsaya. Fiii, ya tsaya.

Na ce, “Baba, tsuntsu ka kawo mana?”

Ya ce, “Tsuntsun nan ya fi ka tsawo, ɗana.”

Ya yaye bargon. Wallahi kafin in ce kwabo Fulanin nan sun kai bakin titi, su da maraƙin da aka ce ba ya iya tashi. Malam Hamisu ya fito yana tambaya lafiya, ya ga abin da ke cikin kwandon, ya ja da baya taku guda, sa'an nan ya tuna shi ne babba ya dawo.

Tsohon ya ce sunansa Tanko, daga wani ƙauye wajen Baure. Gardi ne, wato irin mutanen nan da ke wasa da macizai a kasuwa suna sayar da magani. Ya ce ya bar wasa, ya sallami sauran macizan duk, amma wannan ya kasa rabuwa da ita, don tun ba ta wuce kamu biyu ba take hannunsa. Ran Lahadi ya same ta, shi ya sa yake kiran ta Ladi. Ya ce ta daina cin abinci, takan ɗaga kai sama ta buɗe baki, ga kuma wannan fiton da ba ya yankewa.

Malam ya ce, “To Baba, me kake so mu yi?”

Ya ce, “Likita, a gidan da nake zaune a nan cikin gari, uwargidan ta ce fito a cikin gida kiran aljanu ne, wai Ladi 'yan uwanta take kira su cika gidan. Mai gidan kuma ya ce in fiton bai daina ba kafin Juma'a, maharbi zai kira. In aka kashe ta, ni ma na gama zaman birni, ƙauye zan koma ko ba kowa a can.”

Malam Hamisu mutum ne da ba ya ƙaryar sani. Ya ce, “Baba, gaskiya ni saniya na karanta, da tumaki, da ɗan abin kaji. Ba a koya mini maciji ba. Amma mai numfashi mai numfashi ne. Ilu, zo ka kama.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ta ina?”

Baba Tanko ya yi dariya ya ce, “Kai da kake ɗan Daura kake tsoron maciji? Ku da aka san ku da shi tun kaka da kakanni?” Shi ya riƙe kai, ni na tallabi tsakiya. Na zaci zan ji santsi da danshi, sai na ji jikinta a bushe, sumul, amma sanyi ƙalau kamar randa.

Tsoro bai daɗe ba ya bar ni, don kunnena ya sami abin yi. Na san hucin maciji, wannan da yake yi in an taka shi, mai faɗi, mai fushi, wanda yake yi in ya ga dama ya daina in ya ga dama. Na Ladi ba haka ba ne. Da kowane numfashi yake zuwa, ko tana so ko ba ta so. Kuma da na kara kunne kusa, na ji wani abu a ƙarƙashin fiton, ƙas, ƙas, irin ƙarar da koko ke yi in ya fara tafasa. Na gaya wa Malam. Ya sa abin sauraren ƙirji a jikinta yana bi a hankali daga wuya zuwa ƙasa, yana cewa, “To ina ma ƙirjin yake?” Can ya tsaya, ya ce shi ma ya ji.

Ya tambayi Baba ko ta taɓa irin wannan fiton. Baba ya ce, “Takan yi in za ta yi saɓa. Idonta ya yi hazo, tsohuwar fata ta toshe mata hanci, sai ka ji ɗan fito. Amma wancan busasshe ne, daga hanci yake, kuma da ta tuɓe fatar shi ke nan. Wannan jiƙaƙƙe ne, daga ciki yake fitowa.”

Malam ya sa aka buɗe bakinta da bayan cokali. Abin da na gani har yau ina mamakinsa. A ƙasan bakin akwai wani ɗan bututu yana buɗewa yana rufewa, kumfa ta taru a bakinsa, ga majina tana zare kamar yauƙin kuɓewa. Malam ya ce, “Ikon Allah! Ƙofar numfashinta ce nan a fili.” Baba ya ce ai in tana haɗiyar kaza takan turo bututun gefe ta ci gaba da shan iska. Muka tsaya mu biyu, babba da lebura, muna kallon bakin mesa kamar 'yan ƙauye sun ga jirgi.

Malam ya hau babur ya tafi gidan waya, ya buga wa wani malaminsa a Zariya. Da ya dawo ya yi mana bayani. Ya ce ciwon huhu ne, kuma abin da ke sa ya yi wa maciji tsanani shi ne ba ya iya tari. Ni da ku, in majina ta sauka ƙirji, mu yi tari mu fitar. Shi kuwa sai dai ya ɗaga kai ya buɗe baki, majinar na nan zaune iska na ratsa ta, shi ne fiton. Ya ce za a gwada allurar da muke yi wa shanu masu ciwon huhu, amma kaɗan, gwargwadon nauyinta. Muka sa ta a buhu muka rataya a sikelin awon dussa, ya yi lissafinsa, ya soka mata a tsokar gefen baya ta wajen gaba.

Sa'an nan ya ce, “Amma malamina ya ce allura ba za ta yi komai ba in ba a raba ta da sanyi ba. Maciji ba shi da ɗumin kansa, na wurin da yake kwance yake ara. Ya ce kusan kullum sanyi ke kawo wannan.” Ya share gumi da hankici, ya dubi rana. “To ni abin da ban gane ba, ina mesa ta sami sanyi a Daura a bazara?”

Ya dubi Baba. “A ina take kwana?”

“A ɗaki.”

“Wane irin ɗaki?”

“Ɗaki mai kyau, Likita. Mai kyau ƙwarai.”

“Ana yi mata wanka da ruwan randa? Ko kusa da rijiya ne?”

Baba ya sunkuyar da kai yana gyara bargon. Ya ce, “Sai dai ku zo ku gani da idonku.”

Bayan azahar muka tafi, Baba ɗauke da kwandon. Sabon gidan siminti ne a bayan gari, fenti ko bushewa bai gama yi ba. Tun daga ƙofa na ji ƙara iri biyu. Ɗaya na sani, injin wuta ne. Ɗayar kuwa wani gurnani ne mara yankewa daga jikin bango, inda wani akwatin ƙarfe ya leƙo waje yana ɗigar da ruwa. Baba ya tura ƙofar ɗakin, muka shiga.

Jama'a, ranar na fara sanin iyakwandishan. Gumin bayana ya daskare nan take, har haƙorana suka fara haɗuwa. Ga gadon ƙarfe da katifa sabuwa, ga barguna an tara a kai. A lungu kuma, a kan siminti tsirara, ga wurin da kwandon Ladi ke zama. Baba ya ce sharaɗin da aka yi da shi ke nan da zai zo, mesa ba ta fita daga ɗakin nan saboda yara, ƙofa kuma kullum a rufe. Malam ya dafa simintin da tafin hannu, ya dube ni, na dube shi.

Muna haka sai ga mai gidan, Alhaji Sule, ɗan kwangilar hanya, matashi, fara'a cike da fuska. Ya gaishe mu, ya nuna akwatin bangon ya ce, “Malam, ka ga abin? Daga Kano na sa aka kawo. Guda ɗaya ce tak a gidan nan. Ni ko a ɗakina ban sa ba, na ce Baba ya sha rana a kasuwanni ya isa haka. Na hana a kashe na'urar dare da rana.”

Tun da ya shigo na lura Baba Tanko ya juya fuska bango. A nan na gane. “Mai gidan” da yake ta faɗa tun safe ba wani ba ne, ɗansa ne, kuma ɗan fari. Ku yaran yanzu wataƙila ba ku tarar da abin da ƙarfinsa ba. Mutanen da, musamman na ƙauye, suna kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya zama hira da shi, ba ya kallon idonsa ya ce ina son kaza ko ba na son kaza. In magana ta kama dole, sai a bi ta bakin wani.

Malam Hamisu ya gyara murya. Ya ce, “Alhaji, Allah ya saka da alheri, abin da ka yi wa mahaifi ba kowa ke yi ba. Sai dai ciwon mesar nan, na'urar nan ce ta kawo shi. Ba aljanu take kira ba. Mura ce ta sauka mata a huhu.”

Alhaji ya yi dariya. “Haba Malam! Baba fa gardi ne, ya fi kowa sanin maciji. Da sanyi ne ai da ya faɗa.” Ya ɗan rusuna ta wajen tsohon. “Baba, sanyin yana damun ku ne?”

Baba bai juyo ba. Ni ya kalla. Ya ce, “Ilu, ka gaya wa mai gidan nan ɗaki ya yi kyau. Allah ya yi masa albarka.”

Yana rufe baki tari ya ƙwace masa. Ya danne shi da hannun riga, amma da ya ja numfashi, duk da gurnanin na'urar na ji abin da na ji da safe. Siriri ne, amma shi ne. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Na ce, “Ranka ya daɗe, fiton nan fa biyu ne. Ɗaya a kwando, ɗaya a ƙirjin Baba.”

Malam ya ciro abin saurarensa, ya nemi izini, ya ɗaga riga ta farko, ya ɗaga ta biyu, ya kara a bayan tsohon. Ya daɗe yana ji. Sa'an nan ya ce, “Alhaji, ni malamin dabbobi ne, wannan ba hurumina ba ne. Amma in mahaifina ne, yau ɗin nan zan kai shi asibitin mutane.”

Alhaji Sule ya dubi riguna biyun nan, ya dubi tarin bargunan da ke kan gado, kamar yau ya fara ganin su. Fara'ar ta tafi. Ya taka da kansa ya murɗa makunnin na'urar, gurnanin ya mutu. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya cire hula ya riƙe a hannu. Shi ma bai kalli uban ba. Ni ya ce wa, “Malam Ilu, ka tambaye shi me ya sa bai aiko an gaya mini ba.”

Ban tambaya ba, don na ga ba amsa ake nema ba.

Daga bayan labule uwargidan ta yi magana. Ta ce, “To Malam, fiton fa? Ni yarana nake ji.” Malam ya ce, “Hajiya, ki ba mu ita mu tafi da ita. In ta warke fiton bai daina ba, ni da kaina zan ce kin fi ni gaskiya.” Ta ce ta yarda, ita dai a fitar mata da ita. Maganar maharbi ta tsaya a nan.

Haka Ladi ta zama 'yar asibitinmu, kuma wa za a bar wa jinya in ba wanda ba ya zuwa rangadi ba? Na share mata lungu a sito, na shimfiɗa buhuna don kada ta taɓa siminti, na ajiye mata ruwa a kwano. Da safe in fitar da kwandon ta sha hantsi, rana na ɗagawa in mayar da ita inuwa, don Malam ya ce zafin ma in ya yi yawa kisa yake. Ranar allura in riƙe, ya soka, mu goge mata baki da auduga. Matata ta ce kada in kuskura in shigo mata ɗaki da rigar aiki, sai na tuɓe a zaure.

Kullum da na buɗe sito, kafin in ɗauki tsintsiya, sai na tsuguna na kara kunne. Juma'ar nan ta zo ta wuce tana fito. Ƙas-ƙas ɗin ne ya fara ɓacewa. Daga baya fiton ya koma sai ta motsa. Ta daina ɗaga kai sama. Wata safiya na kara kunne ban ji komai ba, na ce ta mutu. Na taɓa ta, sai ta juyo ta yi mini huci, irin na fushi, mai faɗi, busasshe. Ban taɓa jin daɗin a yi mini huci ba sai ranar. Bayan 'yan kwanaki ta haɗiye budurwar kaza, muka tsaya muna kallon ɗan bututun nan ya leƙo gefe kamar yadda Baba ya ce.

Shi ma Baba an ba shi nasa alluran a asibitin mutane. In ya fito sai ya biyo ta wurinmu, ya zauna a gindin bango kusa da kwandon, riga ɗaya a jikinsa. Alhaji kuwa ya sa an gina masa ɗakin ƙasa a bayan gida, da ƙofarsa daban da ɗan fili mai samun hantsi. Na'urar aka mayar ɗakin Hajiya, na ji an ce ita ma da bargo take kwana.

Ranar da zai tafi da Ladi, muna zaune mu biyu, na kasa haƙuri. Na ce, “Baba, don Allah in tambaye ka. Kai da ka tsufa cikin macizai, da gaske ba ka san sanyi ne ba?”

Ya ce, “Tun kwanan farko na sani.”

“To me ya sa da Malam ya tambaye ka ba ka faɗa ba?”

Ya shafa bayan Ladi. Ya ce, “Yaron nan a bukka ya tashi, kusa da kwandunan macizai yake barci. 'Yan uwansa yara ba sa cin abinci da shi, wai ɗan gardi. Allah ya buɗa masa, ya sayo mini abin da bai saya wa kansa ba. Da wane baki zan aika a ce masa kyautarka tana kashe ni? In na faɗa wa Likita a ofis, ya zama ni na kai ƙararsa. Shi ya sa na ce ku zo ku gani. Ni da zan iya daurewa har Allah ya yi ikonsa. Ita ce ba ta iya ɓoyewa.” Ya ɗaura bargon a kan kwandon, ya ce, “Magani na zo nema, gaskiya ne. Amma har da aron baki.”

Na taya shi ya ɗora kwandon a ka, ya tafi.

Abin da na ɗauka daga wannan, ga shi. Na farko na sana'a ne: ba kowace ƙara ce ciwo ba. Ku koyi bambanta huci da fito, busasshe da jiƙaƙƙe, wanda dabba ke yi don ta ga dama da wanda ke zuwa da kowane numfashi. Kuma kafin ku cika sirinji, ku tambayi inda take kwana. Na biyun shi ya fi zauna mini. Mutanenmu suna da kunya, sukan zo da rabin magana su bar rabin a gida. Tun daga Ladi, in mai dabba ya ce mini “sai dai ku zo ku gani,” ko ni da ba na son nisa da gida, takalmina nake ɗauka. Kuma in na gama sauraren dabbar, nakan ɗan yi shiru in saurari wanda ya kawo ta.